Living Colour: daga na 6 zuwa na 13 zuwa na 26, wai me jadawalin yake aunawa?

Duk wanda ya taɓa zama gidan kallo ana resilin, ko yake bin WWE a waya, ya san wannan sautin: a fara jin ƙara kamar rediyo ya rasa tasha, sai jita ta fashe da ƙarfi, sai CM Punk ya fito mutane su ɗau ihu. Ni ma ta nan na fara jin waƙar, kuma na daɗe ina zaton kamfanin ne ya haɗa masa ita kamar yadda suke haɗa wa sauran 'yan wasan. Ashe waƙar ta girmi da yawa daga cikin masu ihun, tun 1988 take, sunanta Cult of Personality, masu ita kuma wasu baƙaƙen fata ne su huɗu daga New York da ake ce wa Living Colour. Tun daga ranar da na gano haka nake bin albam ɗinsu ɗaya bayan ɗaya ina dubawa da inda kowanne ya tsaya a jadawali, abin da na gani shi ne zan zube a nan.

Bari dai in fara share fage saboda ba kowa ne ya saba da irin kiɗan ba. Fank shi ne irin kiɗan su James Brown, wanda bes da ganga ne ke jan ragama, jiki ya motsa ko ba ka so, kuma wanda ya san Fela ai ya san ɗan'uwan wannan kiɗan. Metal kuma jita ce mai nauyi da tsawa, ana tsere da yatsu a kanta. To a ƙarshen shekarun 1980 wasu ƙungiyoyi a Amurka suka gwama biyun, aka sa wa abin suna fank metal, su Faith No More, su Fishbone, su Primus, su Extreme, da Living Colour ɗin. Shi kuma jadawali, mujallar Billboard ce ke fitarwa duk sati: Billboard 200 na albam ne, Hot 100 na waƙoƙi ɗaiɗai. Idan albam ya kai kwafi 500,000 sai a ba shi shaidar zinare, idan ya kai miliyan 1 sai ta filatinam.

Wanda ya kafa ƙungiyar Vernon Reid ne, mai jita, an haife shi a Landan a 1958 amma a Brooklyn ya tashi, kuma kafin nan jaz yake kaɗawa tare da Ronald Shannon Jackson, irin jaz ɗin nan mai wuyar sha'ani da ba kowa ke iya zama ya ji ba. A 1984 ya fara amfani da sunan Living Colour, mutane na shiga suna fita, sai wajen 1986 aka samu huɗun da suka zauna: shi, da Corey Glover mai rerawa wanda ya fito a fim ɗin Platoon a shekarar, da Muzz Skillings mai bes, da Will Calhoun mai ganga wanda ya yi karatun kiɗa a Berklee ta Boston. Akwai wani abu da ya faru a 1985 da in ba a faɗe shi ba ba za a gane sauran labarin ba. A shekarar ne Reid da marubuci Greg Tate da Konda Mason suka kafa Black Rock Coalition, ƙungiyar kare baƙaƙen da ke kiɗan rok, don a lokacin kamfanoni da gidajen rediyo sun riga sun raba kasuwa: baƙi ya je ya yi waƙar soyayya ko ta rawa, rok na farare ne. Har jadawali daban Billboard ke da shi da aka rubuta sunan baƙar fata ƙarara a kansa, sai a 1990 aka canza sunan. Abin haushin shi ne su Chuck Berry da Little Richard da Jimi Hendrix, waɗanda rok ɗin ya ginu a kansu, duk baƙaƙe ne. Kamar ka gina gida ne a zo a ce maka kai baƙo ne a ciki.

Suna ta wasa a CBGB, wani ƙaramin kulob a Manhattan, mutane na cika amma kamfanoni na ta noƙewa. Sai da Mick Jagger na Rolling Stones ya gan su, ya shiga situdiyo ya yi musu furodusa na waƙoƙi biyu na gwaji, Glamour Boys da Which Way to America, sannan Epic Records ta sa musu hannu. Ni wannan wajen yana min ciwo gaskiya, don ƙwarewar tana nan tun kafin Jagger ya zo, ba wani sabon abu ya koya musu ba, sunansa kawai ya buɗe ƙofar.

Vivid, 1988

Albam na farko ya fito a watan Mayu 1988, Ed Stasium ne furodusa. Kuma bai tashi nan take ba fa, ya yi watanni yana jan ƙafa, sai da MTV ta fara saka bidiyon Cult of Personality akai-akai sannan abu ya kama kamar wutar daji. A 1989 albam ɗin ya hau har na 6 a Billboard 200, daga baya ya samu filatinam biyu, wato kwafi miliyan 2 a Amurka kaɗai. Ita waƙar ta kai na 13 a Hot 100, Glamour Boys ta kai na 31, Open Letter to a Landlord ta tsaya na 82. A riƙe waɗannan ukun da kyau, don su ke nan, duk tsawon rayuwar ƙungiyar ba su sake shiga Hot 100 ba.

Abin da ya sa nake ganin na 13 ɗin nan ya fi ƙarfin lambarsa shi ne irin waƙar da ta kai wajen. Ka duba takwarorinsu: Extreme sun kai na 1 a 1991 amma da More Than Words, waƙa mai sanyi da jitar katako, babu fank babu metal a ciki. Red Hot Chili Peppers sun kai na 2 a 1992 da Under the Bridge, ita ma mai sanyi. Su kuwa Living Colour da waƙa mai tsawa suka shiga, wadda ta buɗe da muryar Malcolm X, ta rufe da ta Kennedy da Roosevelt, a tsakiya ana jera sunan Mussolini da Stalin da Gandhi ana nuna yadda jama'a ke ɗaukar mutum ɗaya su mayar da shi abin bauta ko na kirki ne ko mugu. Wanda ya ga siyasar mu ta kusa, yadda ake manna hoton mutum a mota da hula da riga har a daina tambayar me ya yi, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Faith No More ne kawai na sani suka yi irin wannan, Epic ta kai na 9 a 1990.

Sauran albam ɗin ma ba cike gurbi ba ne. Open Letter magana ce kan masu gidajen haya da ke rusa unguwannin talakawa saboda kuɗi, Funny Vibe kuma kan yadda ake kallon baƙi kamar ɓarawo tun bai yi komai ba, kuma Chuck D da Flavor Flav na Public Enemy suna ciki. A 1989 suka kwashi kyaututtuka uku a bikin bidiyo na MTV har da na sabuwar ƙungiya, suka bi Rolling Stones zagayen Steel Wheels suna buɗe musu fage a manyan filayen wasa, a 1990 kuma Cult of Personality ta ci Grammy.

Time's Up, 1990

Nan ne ni a wajena labarin ya fi daɗi, kuma nan ne lamba ta fara rabuwa da inganci. Mutum ya sayar da miliyan 2, abin da kowa zai ce masa shi ne malam maimaita, yi mana wata Cult ɗin. Ba su yi ba. Albam ɗin da suka fitar a watan Agusta 1990 ya buɗe da waƙa mai gudu kamar ana kora, irin ta 'yan pank-rok (punk, ba fank ba) masu zafi, daga nan a faɗa jaz, a faɗa rap, a faɗa soul, ga Queen Latifah, ga Doug E. Fresh, ga Maceo Parker mai busa na James Brown, ga Little Richard da kansa a cikin Elvis Is Dead yana magana, wanda in ka san tarihin wa aka ba sarautar rok, wato Elvis Presley, wa kuma aka hana za ka gane ba a banza aka gayyato shi ba. Akwai kuma Solace of You, ranar da na fara jin ta sai da na tsaya, don jitar sak irin ta nan nahiyar ce, mai tsalle-tsalle kamar hailaif ko kiɗan Kwango, a tsakiyar albam ɗin metal.

To me jadawali ya ce? Na 13 a Billboard 200, shaidar zinare. Daga miliyan 2 an dawo rabin miliyan. Amma kuma albam ɗin ya ci Grammy a 1991, shekara biyu a jere ke nan suna ɗaukar kyautar a rukuni ɗaya. Type ta yi kyau a jadawalin gidajen rediyon rok amma ba ta tsallaka Hot 100 ba. Wani abin lura shi ne daidai lokacin da Amurka ta fara sanyi Birtaniya ta fara zafi: Love Rears Its Ugly Head ta kai na 12 a can a 1991, ita ce waƙarsu mafi hawa a ƙasar, ta ma fi Cult nesa ba kusa ba. Wato in ka tambayi ɗan Landan na lokacin wace ce waƙar Living Colour, amsarsa daban da ta ɗan New York.

A 1991 suna cikin zagayen farko na Lollapalooza, bikin kiɗa mai yawo gari-gari, suka fitar da ɗan ƙaramin faifai mai suna Biscuits inda suka maimaita waƙoƙin James Brown da Hendrix da Al Green, bai shiga ɗari na farko ba, da ma ba don jadawali aka yi shi ba.

Stain, 1993, da watsewa

Skillings ya bar ƙungiyar a 1992, Doug Wimbish ya maye gurbinsa, kuma ba ƙaramin mutum ba ne, shi ne mai bes na kamfanin Sugar Hill a farkon zamanin rap. Stain ya fito a watan Maris 1993, Ron St. Germain ne furodusa, kuma ya fi na baya nauyi da duhu, babu wasa a ciki sosai. Ausländer kan ƙyamar 'yan ƙasashen waje ce a Turai, Nothingness kuma kaɗaici ne zalla, ni ita ce na fi sakawa da dare. Ya tsaya na 26, bai kai zinare ba. Leave It Alone ta shiga takarar Grammy ba ta ci ba. Sannan aka yi rikici a kotu kan sunan albam ɗin har aka daina buga shi tsawon shekaru, wanda ke nema ma bai samu a kanti ba sai kwafin hannu. A 1994 suka yi Sunshine of Your Love don fim ɗin True Lies, a watan Janairu 1995 kuma suka watse, aka fitar da Pride a ƙarshen shekarar, tarin tsofaffin waƙoƙi da sababbi huɗu.

6, 13, 26. In ka lura kowace lamba kusan ninkin ta baya ce, kuma wanda ya kalli wannan kaɗai zai ce ai ƙungiya ce ta yi sa'a sau ɗaya ta gangara.

Bayanin da aka fi bayarwa shi ne Nirvana. Albam ɗin wannan ƙungiyar rok, Nevermind, ya fito Satumba 1991, ya hau na 1 a Janairu 1992, kamfanoni da MTV duk suka juya Seattle, cibiyar irin kiɗan su Nirvana, wanda ke sa kaya masu launi yana gwaninta a jita ya zama tsohon yayi dare ɗaya. Akwai gaskiya a ciki, kuma kayan da Glover ke sawa a bidiyon farko, rigar nan ta masu ninƙaya mai sheƙi, ta manne musu a idon mutane a matsayin 'yan 1989. Amma ni wannan bayanin bai ishe ni ba, saboda a 1993 ɗin da Stain ya tsaya na 26, Primus sun shiga na 7 da Pork Soda, kuma kiɗansu ya fi na Living Colour wuyar ji. Rage Against the Machine sun fito a 1992 da kusan irin haɗin nan, jita mai nauyi da bugun fank da siyasa, suka kai na 1 a 1996. Ke nan ba kiɗan aka daina so ba.

Abin da nake gani shi ne abu uku suka haɗu, kuma ba nauyinsu ɗaya ba. Na farko kuma mafi girma, ba su taɓa samun gidan rediyon da ya ɗauke su nasa ba. Gidajen rok sun karɓe su a matsayin abin mamaki, baƙaƙe na kaɗa metal, kuma abin mamaki sau ɗaya ake mamakinsa. Gidajen da baƙaƙe ke saurare kuma ba sa saka jita mai tsawa. Fishbone ma haka ta same su, duk da yadda ake yaba wasansu a fage, albam ɗinsu mafi hawa na 49 ya tsaya a 1991. Idan ƙungiya ba ta da rediyon da zai riƙe ta lokacin da yayi ya wuce, to ranar da MTV ta juya baya shi ke nan, babu wani tsani. Na biyu, su ma da kansu sun zaɓi hanya mai wuya, sun ƙi maimaita abin da ya sayu, kuma ni ban ga laifinsu ba ko kaɗan, sai dai dole a faɗa cewa zaɓin yana da farashi kuma sun biya. Na uku gajiya ce da saɓani na cikin gida bayan shekaru ana kan hanya ba hutu, wanda shi ne ya kai ga watsewar.

Akwai ma wani ƙaramin abu da ke sa kwatanta lambobin ya zama da hatsari: a watan Mayu 1991 Billboard ta koma amfani da SoundScan, wato na'ura ce ke ƙirga abin da aka sayar a kanti, kafin nan kuwa masu kanti ne ke ba da rahoto da baki. Don haka na 6 na 1989 da na 26 na 1993 ba da mudu ɗaya aka auna su ba.

Bayan dawowa

A watan Disamba 2000 suka sake haɗuwa a CBGB, inda aka faro. Tsakanin nan kowa ya yi harkarsa, kuma wani abu da zai yi wa mutanen mu daɗi, Reid yana cikin waɗanda suka yi furodusa na albam ɗin Papa na Salif Keita a 1999, Calhoun kuma ya yi aiki da mawaƙan Mali har da Oumou Sangaré, ka ga Solace of You ba kwalliya ba ce kawai, kunnensu da ma yana wannan ɓangaren.

Albam uku suka yi bayan dawowar. Collideøscope a 2003, wanda inuwar harin 11 ga Satumba ke kansa, musamman Flying, bai shiga Billboard 200 ba sam. The Chair in the Doorway a 2009 a ƙaramin kamfanin Megaforce ya leƙa jadawalin can ƙasa, bayan na 150, ya fita. Shade a 2017 kuma kiɗan bulus (blues) suka koma, tushen abin gaba ɗaya, suka ɗauko Preachin' Blues ta Robert Johnson, da Inner City Blues ta Marvin Gaye, da Who Shot Ya ta Notorious B.I.G. wadda suka juya ta zama kuka kan kashe-kashen bindiga a Amurka. Wallahi muryar Glover a Shade, yana da shekara hamsin da ɗoriya, ba ta rage komai ba, ni a kunnena ma ta ƙara kauri. Albam shida ke nan na situdiyo cikin kusan shekara 30, ba su da yawa, amma babu wanda zan ce an yi shi don a cika kwantiragi.

Sai kuma rayuwa ta biyu ta Cult of Personality, wadda babu jadawalin 1989 da zai iya hango ta. Ta shiga gem ɗin Grand Theft Auto: San Andreas a 2004, wanda yaran gidajen gem na nan ma sun buga shi har sun gaji, suka sake naɗar ta don Guitar Hero III a 2007, sai CM Punk ya fara fitowa da ita a WWE a 2011. A WrestleMania 29 a 2013 su huɗun suka tsaya a filin MetLife suka kaɗa masa ita kai tsaye, ya tafi da ita AEW, wani kamfanin resilin, a 2021, ya dawo da ita WWE a ƙarshen 2023, a 2025 suka sake kaɗa masa a WrestleMania 41 a Las Vegas. Mutanen da suka ji waƙar ta wannan hanya, daga Kano zuwa Kumasi zuwa ko'ina, ba na shakkar sun ninka waɗanda suka sayi Vivid sau da yawa, kuma ko ɗaya daga cikinsu bai shiga lissafin na 13 ɗin nan ba.

Ina farin ciki da haka saboda waƙar na ciyar da masu ita, kuma da ba don resilin ba da ni kaina ban san su ba. Amma akwai abin da ke damuna, kuma shi ne ya sa na zauna na yi wannan dogon rubutu: waƙa ɗaya ta rufe albam shida. Ka tambayi masu ihun nan su faɗi waƙa ta biyu ta Living Colour, da wuya ka samu, da yawa ma ba su san baƙaƙe ne suka yi ta ba, wato abin da Reid da su Tate suka kafa ƙungiya a kansa a 1985 har yanzu bai gama warwarewa ba. Wani ƙanina da na saka wa Time's Up a mota kwanaki, muna kan hanya, da aka zo kan Solace of You sai ya ce yaya wai har yanzu mutanen CM Punk ne? Na ce masa su ne. Ya ce in mayar da ita baya, na mayar, sai da muka ji ta sau uku kafin mu isa gida.